Igiyar foliyesta mai kaurin milimita 6 bayan damina biyu a hannuna

Ni ke kula da kayan zango idan muka fita da yaranmu 'yan sikawut, yawanci bakin Dam ɗin Tiga. Da can igiyar roba nake saya, shuɗiyar nan da ake ɗaura wa guga. Tana da araha, ba nauyi, kuma ko ta faɗa ruwa a sama take tsayawa. Amma rana ce ajalinta. Ka bar ta a waje ta sha zafin Afrilu na Kano, sai ka ga launinta ya koɗe, in ka murza ta gari ya zubo maka a hannu. Irinta ce ta tsinke mana a wani dare da hadari ya taso, tamfol ya rufto kan yara suna barci. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na dawo sai na shiga Kasuwar Sabon Gari. Wani dattijo mai shago ya ce, "Malam, ba nauyi ke kashe igiyarku ba, rana ce." Ya ba ni foliyesta saƙaƙƙiya, ba tufkakkiya ba, na yanki mita 50. Kuɗinta ya kusa ninka na roba, har na ɗan yi jim kafin na biya.

Yau damina biyu ke nan. Ta ɗaure tanti, ta yi shanya, ta ɗaure kaya a saman mota, ba ta koɗe ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ruwa bai sa ta saki. Nailan yana shan ruwa, ya miƙe, ƙarfinsa ya ɗan ragu, sai ka tashi tsakar dare kana sake ɗaurin tanti. Foliyestar kuwa yadda ka ja ta da magariba haka za ka same ta da asuba.

Wannan rashin miƙewar kuma shi ne aibinta. Idan iska ta bugo, turke ne ke ɗaukar dukan, sau biyu tana tumɓuke mana shi a ƙasa mai yashi. Dole turken ya nutse sosai. Bakinta ma yana warwarewa in ka yanka ba ka ƙona shi da ashana ba.

Ƙananan ayyuka kuwa igiyar laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi nake riƙewa a aljihu, mai lamba 550, wadda sai nauyi ya kai kusan kilo 250 take tsinkewa, da zare 7 a cikinta da za ka zaro ka yi ɗinki.

Roƙona ɗaya: kada kowa ya rataya ransa a kansu. Ƙulli kaɗai yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, hawan dutse kuma yana da tasa igiyar daban. Yaranmu sun sha roƙona su gwada foliyestar a bishiya, ban taɓa yarda ba.