Jatan landen ruwan sanyi: ƙanana ne, amma akwai ɗanɗano

Wanda ya saba da manyan jatan lande da ake kiwo a tafkunan Indiya da Tailan, in ya buɗe ledar na ruwan sanyi sai ya ɗan yatsine fuska. Ƙanana ne ƙwarai, wanda aka ɓare bai kai rabin ɗan yatsa ba. Ni kam na gwada iri biyu, ɓararre da mai ɓawo, kuma hukuncina ya bambanta a kansu.

Wannan ba na kiwo ba ne. Daga teku ake kamo shi, a arewacin Atlantika, wajen Girinland, Norwe da gabashin Kanada, cikin ruwan da sanyinsa ya kusa daskarewa. Sanyin ne ke sa shi girma a hankali har tsawon shekaru, shi ya sa naman ke da ɗan ƙarfi da zaƙi-zaƙi wanda manyan ba su da shi. Abin mamaki, namiji yake fara rayuwa, daga baya ya rikiɗe ya koma mace. Ba ya jure ɗumi ko kaɗan: a gaɓar jihar Maine ta Amurka an dakatar da kamun sa tun kakar 2014 saboda ruwan ya ɗumama, yawansa ya ragu.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, galibi dafaffe ake sayar da shi. Mai ɓawon ma tun a cikin jirgi ake tafasa shi da ruwan teku a daskarar. Don haka in ka sake ɗora shi a wuta ka bar shi, sai ya tsuke ya yi tauri kamar roba. Na fi jin daɗinsa in na bar shi ya narke a firij, na tsane ruwan a kwando, na matsa lemun tsami, shi ke nan. In a abinci mai zafi ne, sai an sauke tukunya nake zubawa.

Ɓararren ne ya ɗan ba ni haushi. Ƙanƙarar da aka lulluɓe shi da ita tana da yawa, bayan ya narke abin da ya rage a kwano ya ragu sosai. A duba bayan leda, a nemi nauyinsa ba tare da ƙanƙara ba. Gishirinsa ma ya ɗan yi yawa, kada a ƙara sai an ɗanɗana.

Mai ɓawon ya fi nesa ba kusa ba. Ɓarewar akwai cin lokaci, yatsu su yi sanyi, wani lokaci ka tarar da ƙwai maƙale a ƙarƙashin cikinsa, amma ba ƙarni, kuma ɓawon da kawunan suna ba da romo mai daɗi. Shi zan ci gaba da saya. Mai neman abin gasawa a kan garwashi kuwa, ya nemi manyan, wannan ba zai yi masa ba.