Sharhi kan akwatin farawa na Dungeons & Dragons: makin gogewa da hawa mataki

Akwatin farawa na wasan Dungeons & Dragons ya fito ne a 2014, kuma yana ɗauke da ɗan littafin dokoki mai shafi 32, da littafin labari mai shafi 64, da takardun jarumai biyar da aka riga aka tsara, da dayis shida, kuma babba daga cikinsu yana da fuska ashirin. Wasa ne na ba da labari da ake yi a kan tebur: mutum ɗaya ne ke jagorantar labarin, sauran kuma kowa ya ɗauki jaruminsa, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne tsarin makin gogewa, wato makin da jarumi ke tarawa har ya hau mataki na gaba.

Lissafin ba shi da wuya. Jarumi yana buƙatar maki 300 kafin ya kai mataki na biyu, 900 kafin na uku, 2,700 kafin na huɗu, sannan 6,500 kafin na biyar, inda labarin akwatin ya tsaya. Kowane dodo yana da nasa farashin: ƙaramin dodon da ake kira goblin maki 50 ne, kuma ana raba abin da aka samu daidai tsakanin 'yan wasa. Saboda haka matakan farko suna zuwa da sauri, har ana iya haye na farko a zama ɗaya, kuma na ga amfanin hakan a fuskar abokina da bai taɓa wasan ba, lokacin da ya goge lambar da ke kan takardarsa da abin goge fensir, ya rubuta sabuwa, yana tambayar wace sabuwar dabara ce ta buɗe masa. Mataki na biyar ne ya fi armashi, domin a nan ne mayaƙi ke fara kai hari sau biyu a juyi ɗaya, matsafi kuma ya sami ikon jefa curin wuta.

Inda nake da ja shi ne abin da makin ke koya wa ɗan wasa. Tun da mafi yawansu daga cin galabar dodanni suke fitowa, da zarar mutane sun gane haka sai su daina neman sulhu ko laɓaɓawa su wuce mai gadi, kowa hannunsa na kan takobi. Tsofaffin dokokin wasan, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, suna ba da maki a kan zinariyar da aka kwaso, shi ya sa wayo da guje wa faɗa suke da riba a wancan tsarin. Labarin akwatin ya ɗan rage wannan matsala, domin yana ba da maki idan an kammala wasu ayyuka, amma ni da nake jagoranci sai da na riƙa bayar da cikakken maki ga duk wanda ya shawo kan abokin gaba da baki.

Dayis ɗin saiti ɗaya ne, don haka sai an riƙa miƙa wa juna. Littattafan kuma da Turanci suke, wanda ke nufin dole jagora ya karanta su tsaf kafin ranar zama. Ga masu farawa mutum huɗu ko biyar, akwatin ya cancanci kuɗinsa, amma wanda ke son wuce mataki na biyar sai ya nemi babban littafin 'yan wasa, inda mataki na ashirin ke buƙatar maki 355,000.