Gwajin EEG a lokacin korona: sau biyu na biya

Autata mai shekara 7 ce take ɗauke wuta. Ana cikin magana sai ta ƙura wa waje ɗaya ido kamar an zare mata batir, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta dawo, ba ta ma san an yi ba. Likita ya ce wani nau'in farfaɗiya yake zargi, a yi mata EEG, gwajin da ake manna wayoyi a kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke tafiya. Ga shi shekarar 2020 ce, ba a daɗe da sassauta kullen Kano ba, sai na kai ta wata cibiyar gwaji ta kuɗi.

Tsafta dai ban ga laifinsu ba. Ma'aikaciyar da takunkumi da safar hannu, kowace waya sai ta goge ta a gabana. Ta zauna ta taya ni tsefe kitson yarinyar, domin ba wanda ya gaya min a zo da kai a tsefe, a wanke, ba mai. Wayoyi wajen 20 ta manna tana lallashinta. Allah Ya saka mata.

Amma fa an cuce ni. A wannan gwajin akwai inda ake sa yaro ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti 3, kuma shi ne ke tono irin wannan ɗaukewar. Suka tsallake shi saboda tsoron korona, ba su faɗa min ba! Sakamako ya fito wai lafiya lau, har na yi sadaka. Likita na duba takardar ya ce, "Hajiya, ai ba a sa ta hura iska ba."

Na koma da faɗa. Aka ce min, "Hajiya, ki yi haƙuri, doka ce daga sama." To na ji, numfashi na yaɗa cutar, amma me ya hana ku faɗa kafin ku karɓi kuɗina? Sai da yarinyar ta yi gwajin korona, na sake biya cif, sannan aka buɗe taga aka ba ta takarda tana hurawa. Ko minti 2 ba a yi ba ta ɗauke, layukan allon suka hargitse a gabana.

Yanzu tana shan magani, ɗaukewar ta ragu sosai. Ko sisi ba su rage min ba a na biyun, kuma mako uku muka yi muna wanke mata farin man manna wayoyin da ya daskare a gashi.