Wasiƙa daga Liyon zuwa Garwa: yadda ake gwajin jijiya da ƙwaƙwalwa a nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Inna da kyau, da duk mutanen Yelwa. Ya kuke fama da zafi?

Ka tambaye ni a waya ko gaskiya ne Turawa suna da na'urar da ke ganin farfaɗiya a cikin kai, ko kuma a fara neman hanyar kawo ɗanka mai fama da ita nan Faransa. Kati ya ƙare ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka nuna wa duk wanda ka san yana da irin wannan lalura a gidansa.

Ni da kaina an yi mini ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan. Ɗaukar kwalaye a sito ya sa hannuna na dama yana mutuwa da dare, babban yatsa da biyun da ke kusa da shi. A nan ba ka tashi kai tsaye ka je wurin babban likita. Sai ka fara ganin likitanka na unguwa, kuɗin ganinsa yuro 30 ne, kusan sefa dubu 20, amma inshorar gwamnati tana mayar da kashi 70 cikin ɗari ta katin nan da suke kira Vitale. Shi ne ya rubuta takarda zuwa ga likitan jijiya. Daga nan sai jira, jira na watanni, domin ko a nan likitocin jijiya ba su wadata ba.

Gwajin suna ce masa EMG. Matar da ta yi mini ta fara taɓa hannuna, ta ce ya yi sanyi, sai da aka ɗumama shi, wai sanyi yana rage gudun saƙo a jijiya har ya ɓata sakamako. Ta manna 'yan faifai biyu a gindin babban yatsa, ta ɗora wani ƙarfe mai baki biyu a wuyan hannu, ta saki wuta kaɗan. Yatsan ya zabura da kansa, ban sa shi ba. Ta sake yi a gwiwar hannu, ta ɗauko tef irin na tela ta auna tsakanin wuraren biyu, kwamfuta ta fitar da lissafi. A hannun mai lafiya saƙo yana gudun fiye da mita 50 a daƙiƙa ɗaya. Nawa yana tafiya daidai har wuyan hannu, a nan yake tsaiko, domin jijiyar ta matse a wata ƙaramar mashiga. Sai likita ya soka siririyar allura a tsoka, ya ce in matse yatsa, lasifika ta ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Da kunne yake sauraron lafiyar tsokar. Kafin in sa takalmi an miƙo mini sakamako.

A hanyar gida yaran unguwarmu nake ta tunawa, waɗanda suke jan ƙafa ɗaya bayan an yi musu allurar zazzaɓi a ɗuwawu. Kowa ya ce shan inna ne. Alhali wani lokaci allurar ce aka soka ba a wurinta ba, ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Wannan gwajin yana taimakawa a bambanta su, yana kuma nuna ko jijiyar tana da sauran rai. Haka masu ciwon suga da tafin ƙafarsu ke zafi ko ya mutu mus, su taka ƙusa ba su sani ba.

Wanda ya shafi ɗanka shi ne EEG, gwajin ƙwaƙwalwa. Na gan shi da idona lokacin da na raka wata maƙwabciyarmu 'yar Injamena da 'yarta, don in yi musu tafinta. Yarinyar takan ƙame tana cikin magana, ido a buɗe, 'yan daƙiƙu, sai ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. A makaranta sun ɗauka rashin mai da hankali ne. Ba a yi mata aski ba, ba a sa mata wuta ba, ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta a kan wannan. An auna kanta, aka sa mata hula mai wayoyi wajen ashirin da wani man shafawa, na'urar tana ɗaukar 'yar wutar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta. Aka ce ta rufe ido, ta buɗe, aka kunna mata fitila mai walƙiya. Sannan aka ba ta fankar takarda ta yara, aka ce ta yi ta hurawa minti uku. Ba ta kai ƙarshe ba ta ƙame, fankar ta tsaya a hannunta, layukan da ke tafiya lumui a allo suka tashi gaba ɗaya suna hawa da sauka iri guda. Uwar ta fashe da kuka. Likita ya ce wannan nau'in yana jin magani, amma akwai maganin farfaɗiya sananne, Tegretol, da zai iya ƙara masa tsanani. Amfanin gwajin ke nan, sanin nau'in kafin a zaɓi ƙwaya.

Abin da ya ƙona mini rai, wannan ba sabon ilmi ba ne. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar irin wannan rubutu daga kan ɗan Adam tun 1924. Shekara ɗari ke nan, mu kuwa har yau yawancin likitocin ƙwaƙwalwa na Kamaru suna Yawunde da Duwala. Mutumin Garwa da aka tura Yawunde sai ya hau mota zuwa Gaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, ga kuɗin masauki da na abinci, duk saboda gwajin da bai wuce rabin awa ba.

Amma Yaya, ka ji wannan da kyau. Na'urar ba komai take gani ba. Mutum zai iya zama da farfaɗiya sosai a yi masa EEG ya fito lafiya lau, saboda a wannan rabin awar ciwon bai motsa ba. Shi ya sa wani lokaci sukan ce a hana mara lafiya barci kafin a sake. Likitan da muka gani ya fi daɗewa a kan wayar uwar yarinyar fiye da kan allonsa. Bidiyon da ta ɗauka a gida ya yi ta maimaitawa, yana tambaya: da wane lokaci yake zuwa, tana jin kira ko ba ta ji, ta taɓa yin sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, haihuwarta ta zo da wahala? Wannan kuwa kana da shi a aljihunka. Kada ka sayar da gonar Baba don biza.

Babban bambancin da na gani tsakanin nan da gida yana wajen magani. A nan ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma mai farfaɗiya mai tsanani inshora tana ɗauke masa kuɗinsa duka. Mu kuwa wata ɗaya a sha, wata biyu babu kuɗi, sai a saya wurin mai tire a kasuwa, ƙwayar da ta sha rana ba a san me ke cikinta ba. Tsayar da maganin farfaɗiya irin su Gardenal farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ta fi ta baya muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Ban ce a bar addu'a ba, Malam ya ci gaba da yi masa. A dai haɗa da ƙwaya, kullum, a lokaci guda.

Idan abin ya tashi, a kwantar da shi a gefensa, a sa tsumma ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, a daina korar ƙannensa daga kusa da shi, a kuma bar shi ya ci abinci a kwano ɗaya da su. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye. Ban da wanka a Binuwai, ban da leƙa rijiya, ban da zama gab da murhu.

Ka sa wanda hannunsa ba ya rawa ya ɗauki bidiyon daga farko har ya farfaɗo, fuska da hannuwa su fito. Ka sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta rana da lokaci. Ka fara kai shi babban asibiti a nan Garwa, ka tambaya ko suna yin EEG da wanda zai karanta shi; idan sun tura ku Yawunde, ka gaya mini kuɗin mota da na jirgi, zan aiko a ƙarshen wata in sha Allahu. Kuɗin maganinsa na kowane wata ma ka bar mini shi.

Ƙaninka, daga Liyon.