Allon kwamfuta yana dushewa da an zare caja: me ya kamata a saya?

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ya ga hasken allonsa ya ragu da zarar ya zare caja, yakan ɗauka ko batir ne ya mutu ko allon ne ya lalace, sai ya fara neman farashin ɗayansu. A ganina, sau da yawa babu wanda ke buƙatar sauyi a cikinsu, domin da gangan aka tsara waɗannan na'urori su rage haske idan suna kan batir, tunda fitilar da ke bayan allo tana cikin sassan da suka fi shan wuta.

Saboda haka zaɓin farko ba ya cin kuɗi. A Windows 10, tsarin Battery saver yakan kunna kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari, ya rage haske, kuma ana iya hana shi yin hakan a cikin saituna. Abin da ya fi rikita mutane shi ne hasken da ke hawa da sauka yayin da suka tashi daga shafi mai duhu zuwa fari. Wannan aikin Display Power Saving Technology ne a kwamfutoci masu na'urar hoto ta kamfanin Intel, ko Vari-Bright a masu ta AMD, kuma kowanne ana kashe shi a manhajar hoto ta kamfanin. MacBook ma yana da saitin da ke ɗan rage haske a kan batir, wasu kwamfutocin Dell kuwa a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya buɗe, suke ware hasken batir da na caja. Illar wannan gyara ita ce caji zai riƙa ƙarewa da wuri.

Sabon batir shi ne abin da aka fi saya bisa kuskure. Yana ƙara tsawon lokacin aiki, amma ba ya dawo da hasken da saiti ya rage. Kafin a biya, a rubuta umarnin powercfg /batteryreport a Windows domin samun rahoton batir, a kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake iya ɗauka yanzu. Idan tazarar ta yi yawa har kwamfutar tana faɗawa matakin tsimin wuta cikin ɗan lokaci, sayen ya cancanta, da sharaɗin lambar batirin da ƙarfin wutarsa su dace da na asali, domin jabu ya yawaita. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi ba tare da jinkiri ba, ko da allon yana lafiya.

Akwai wata hanya da na fi so ga masu aiki nesa da soket: fawa-bank mai USB-C Power Delivery, wato tsarin caji mai ƙarfi ta kafar USB-C, misali mai wat 65. Yawanci kwamfuta tana ɗaukarsa tamkar caja, sai cikakken haske ya dawo, amma sai an tabbatar kafar USB-C ɗin tana karɓar caji, domin ba kowace ke yi ba.

Sauya allo ya fi duka tsada, kuma bai dace ba sai in duhun yana nan ko da caja tana jone kuma an kai haske ƙarshe. Idan an haska tocila a allon aka hango rubutu dishi-dishi, fitilar baya ce ko abin da ke ba ta wuta ya samu matsala. Idan kuwa hasken yana ɗaukewa ne lokacin da aka motsa murfin, a fara zargin wayar da ta ratsa ta cikin gaɓar da ke haɗa murfi da jikin kwamfuta zuwa allo, wadda kuɗinta bai kai na allo ba ko kusa. Wanda zai sayi allo ya duba girmansa, da yawan ɗigon hotonsa, da ko mahaɗinsa mai fil 30 ne ko 40.

Mai shirin sayen sabuwar kwamfuta ya nemi adadin nit, wato ma'aunin hasken allo. Mai nit 250 da kyar yake wadatarwa a ɗaki mai haske idan an rage shi, mai 300 ya fi dama, wanda ke aiki kusa da taga ko a waje kuwa ya nemi 400 zuwa sama, musamman allo marar sheƙi da ba ya mayar da hasken rana ido. Kafin biyan kuɗi, a nemi mai sayarwa ya zare caja, a buɗe farin shafi, a gani ko hasken da ya rage zai iya ɗaukar aikin da ake son yi.