Tangarɗa daban, buƙatar hidima daban

Ɗan'uwa, ka ce ka fara aiki a teburin taimako na sashen kwamfuta, kuma oga ya dawo maka da tikiti uku, wato bayanan da ake rubutawa kan kowane kiran neman taimako, saboda ka riga ka shigar da su a matsayin tangarɗa alhali buƙatar hidima ne. Kana tambaya: tunda duk kiran "ku zo ku taimaka" ne, me ya kawo rabewa? To, kama da wane ba ta wane.

Kafin in buɗe tikiti, tambaya ɗaya nake yi: akwai abin da jiya yake aiki, yau ya tsaya ko ya koma jan ƙafa? In akwai, tangarɗa ce. In kuwa komai lafiya lau, mutum ne kawai yake son abin da sashenku ya riga ya amince zai riƙa bayarwa, buƙatar hidima ce.

Ga kira biyu da safe. Mai lissafin albashi ta bugo waya, firinta ta ƙi fitar da ko shafi ɗaya, kuma yau ne ranar biya. Can kuma ofishin ɗaukar ma'aikata ya turo saƙo: sabon ma'aikaci zai kama aiki ran Litinin, a buɗe masa imel, a ba shi kwamfuta.

A na farko, burinka ta koma bakin aiki cikin gaggawa, ko da dabara ce ta wucin gadi, kamar ka haɗa ta da firintar ofishin da ke kusa. Ba ka san musabbabin ba tukuna, sai ka bincika. Ba ka jiran sa hannun kowa kafin ka taɓa firintar. Wurin tangarɗa a layi kuma abu biyu ne ke yanke shi: mutum nawa abin ya shafa, kuma har yaushe za su iya jira.

Na biyu babu bincike a cikinsa. Hanyarsa a rubuce take tun kafin ya zo: cike fom, amincewar shugaban sashe in da kuɗi ko izinin shiga bayanai a ciki, sai aiwatarwa, sai rufe tikiti. Lokacinsa ma sananne ne, yana cikin yarjejeniyar da aka yi da masu amfani da hidimar. Shi ya sa manhajoji irin ServiceNow da Jira Service Management suke jera irin waɗannan a kundin hidimomi, mutum ya zaɓa da kansa kamar mai sayayya a kanti, wasu ma na'ura ce ke kammala su ba tare da ka sa hannu ba.

Rikicewarka ba abin kunya ba ce. Tsarin ITIL, jagorar tafiyar da hidimar kwamfuta, wanda gwamnatin Birtaniya ta soma haɗawa a shekarun 1980, ya daɗe yana zuba tangarɗa da buƙatar hidima a kwando ɗaya. Sai a bugu na uku, a 2007, aka ba biyan buƙatu tsarinsa na kansa, kuma a ITIL 4 na 2019 yana cikin ayyuka 34 da aka lissafa.

Inda ake yawan zamewa shi ne kalmar sirri. Mutum ya manta tasa: buƙata ce, don manhajar ba ta yi laifin komai ba. Amma mutum goma su rubuta tasu daidai a ƙi su, wannan tangarɗa ce, babba ma. Akwai kuma mai cewa "kwamfutata ta tsufa, a canza mini". Ni ba na saurin yarda. Sai na tambaye shi me take yi. In jiya da gudu take yau tana sanƙarewa, gyara take nema, ba sauyi ba. Wanda kuma ya nemi abin da babu shi a kundin, kamar sabuwar manhajar da ba a taɓa sawa ba, ya fita daga biyun, hanyarsa ta neman canji ce da tantance haɗari.

Oga bai dawo maka da su don neman rigima ba. A ƙarshen wata shi zai kai rahoto, kuma in buɗe imel da ba da linzamin kwamfuta suka shiga lissafin tangarɗa, na sama za su ɗauka kayanku kullum a lalace suke. Mafi muni, mai albashin nan za ta tsaya layi ɗaya da mai neman sabon linzami. Koma kan tikitin nan uku, ka karanta ainihin abin da mai kiran ya faɗa, ka nemo abin da ya tsaya. In ba ka same shi ba, sauya musu rukuni.