'Yan Gundam a yi hattara da mai "oda daga Japan" ɗin nan, kar wanda ya tura masa ko sisi

Salam jama'a, masu kallon anime musamman 'yan uwana masoya Gundam, dan Allah ku daure ku karanta wannan kafin wani ya sake tura kuɗinsa. Akwai wani mutum da yake yawo a gurufan WhatsApp da Telegram na 'yan anime yana cewa wai yana da yaya da ke karatu a Japan, yana turo masa Gunpla orijina a farashi mai sauƙi. Ɗan damfara ne wallahi. Ba zan sa suna ko lamba ba saboda sunan ma ba nasa ba ne, yau wannan gobe wancan, layin waya ma haka, amma salon nasa ɗaya ne duk inda ya shiga, shi ya sa zan faɗa muku salon.

Ga wanda bai sani ba, Gunpla su ne 'yan mutum-mutumin roba na Gundam da ake sayarwa a kwali gutsi-gutsi, kai za ka zauna ka yanko ka harhaɗa da hannunka. Kamfanin Bandai ne ke yin su tun 1980, shekara ɗaya bayan darakta Yoshiyuki Tomino ya fito da Gundam na farko, anime ɗin manyan injinan yaƙi masu siffar mutum, a 1979, kuma galibinsu a masana'antar kamfanin da ke Shizuoka ake buga su. A nan wajenmu kam samunsu aiki ne, ba shagon da za ka shiga a Kano ko Kaduna ka ce a miƙo maka, to wannan ƙishirwar ita mutumin nan ya gano.

Kuma baya fara da talla fa. Sai ya yi makonni a guruf yana musu da mu kamar kowa, irin musun nan namu da baya ƙarewa. Kun san yadda muke, 'yan Universal Century, wato zubin labarin Gundam na asali, su ce in ba ka kalli taurarinsa Amuro da Char ba to ba ka ma fara kallon Gundam ba, 'yan Wing su taso, 'yan SEED su ce Kira ya fi kowa wasu su ce ai shi baya mutuwa ne kawai saboda marubuta na sonsa, a dawo kan ƙarshen Iron-Blooded Orphans a yi ta jimami, sabbin shiga da suka fara da Witch from Mercury a 2022 a ce musu yara. Ni dai ra'ayina kowa ya shigo ta ƙofar da ya samu, wanda ya fara da Suletta, jarumar Witch from Mercury, ɗan gida ne kamar wanda ya fara da Amuro, wannan raina sabbin shigar da muke yi ma yana cikin abin da ya ba mutumin nan dama. Domin shi da ya ga an danne wani yaro a musu sai ya bi shi ta firabet, ya ce rabu da su ƙanina, Aerial ɗin da Suletta ke tuƙawa ta fi duk tsofaffin nan kyau, ina da ita ma a hannu in kana so. Ya san labarin sosai, ya san sunayen injina da matuƙansu, ba wanda zai ji shi ya yi zargin komai.

Daga nan sai hotuna. Kwalaye jere a ɗaki, wai kayan da suka iso watan jiya, alhali hotunan mutane ne ya kwaso a intanet, wani a gurufinmu ya sa ɗaya a binciken hoto na Google ya ga ashe an daɗe da ɗora shi a wani shafin waje. Sai ya fitar da lis ya ce za a haɗa oda gaba ɗaya don kuɗin jirgi ya yi sauƙi, kowa ya ba da rabi yanzu rabi in kaya sun sauka, sati biyu zuwa uku. Akawun ɗin da yake bayarwa sunan jiki daban da sunan da muka san shi da shi, in ka tambaya ya ce na matarsa ne ko na abokin kasuwanci. Sati uku ya wuce, sai a ji kaya sun maƙale a Legas sai an ƙara kuɗin fito da su, wanda ya riga ya zuba rabi kuwa baya so ya yi asara sai ya ƙara. Bayan nan kuɗin mota zuwa tasha. Bayan nan bulok.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba kowa yake bari hannu wofi ba, mutum ɗaya ko biyu yana turo musu kaya da gaske amma jabu, irin kwaikwayon da ake bugawa ba da izinin Bandai ba, su kuma da yake ba su taɓa riƙe orijina ba sai su yi murna su ɗora hoto a guruf suna godiya suna sa masa albarka, shi kenan sun zama shaidunsa ba su sani ba.

To ga yadda za ku gane. Farko dai farashi. Gunpla aji-aji ne, kuma farashin da aka sa musu a Japan ɗin kanta lokacin da suka fito shi ne, Aerial ta ajin HG (High Grade) yen 1,430 a 2022, RX-78-2 wato Gundam na farko a ajin 'yan koyo na Entry Grade yen 770, shi kuwa babban PG (Perfect Grade) Unleashed yen 27,500 a 2020. Ka duba canjin yen na ranar ka lissafa da naira, ka tuna kwalin Gunpla girma gare shi kuma masu jigila suna cajin girman kwali ba nauyi kaɗai ba, ga ribar mai kawowa. In mutum ya ce zai kawo maka PG har garinku a ƙasa da kuɗin da ake sayar da shi a Tokyo, a ina zai ci tasa ribar? Sannan yana cewa duk wani Premium Bandai, wato bugu na musamman, da kake so zai samo cikin sati biyu, alhali waɗannan ana buɗe odarsu ne na ɗan lokaci a shafin kamfanin a rufe, a jira watanni kafin a tura, in ya wuce sai dai a hannun masu sake sayarwa da tsada.

In kuma kaya ya zo hannunka, duba kwali tukuna. Na gaske yana da tambarin Bandai, tsofaffin bugu ja, na bayan 2018 shuɗi na Bandai Spirits. Jabu sau da yawa ba tambarin, ko a sa wani suna, ko ma a guje wa rubuta kalmar Gundam. Amma kwali ana iya yi masa dabara, saboda haka buɗe ka ɗauko firam ɗin robar da gutsattsarin suke manne a jiki, za ka ga an zana BANDAI da shekara a jikin robar kanta, galibi har da MADE IN JAPAN. Orijina na zamani baya buƙatar gam, kana dannawa yake shiga ya zauna daram. Jabu kuwa wani ramin ya matse sai ka fere da reza, wani ya yi sako-sako hannu na faɗuwa da kansa, ga gemun roba a gefe-gefe, sitika ba ta kamawa, hoton littafin haɗawa dishi-dishi.

Ni ban ce wanda ya sayi kwaikwayo da saninsa ya yi laifi a wajena ba, mun san halin da naira take ciki, ba kowa ke da kuɗin ajin MG (Master Grade) ba. Amma a faɗa maka gaskiya ka zaɓa da kanka. A karɓi kuɗin orijina a ba ka jabu, ko a hana ka gaba ɗaya, wannan zalunci ne kuma Allah ba zai bari ba.

Yawancin waɗanda ya cuta ɗalibai ne da masu bautar ƙasa da suka yi ta tari kaɗan-kaɗan daga alawus, kuma da yawa sun yi shiru saboda kunya, suna tsoron a gida a ce ƙato da kai ka zubar da kuɗi a kan kayan wasan yara. Shirun nan shi yake ba shi damar komawa wani guruf da sabon suna. Ƙannena ba ku yi abin kunya ba, shi ya yi. Ku adana sikirinshot na hirar da risit ɗin tiransifa da lambar akawun, ku je bankinku da wuri ku shigar da ƙorafi, ku kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, in kun haɗu ku da yawa a kan akawun ɗaya maganar ta fi nauyi. In wani ya biyo ku firabet ya ce zai dawo muku da kuɗin amma ku fara ba shi wani abu, kar ku saurare shi, zagaye na biyu ne.

Wanda kuma yake shirin saye a wajen kowa ma, ba a cinikin biri a sama, ka ce a yi bidiyo kol ya buɗe kwalin a gabanka ya nuna maka rubutun jikin firam, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye a kai. In garinku ɗaya ku haɗu a wuri mai jama'a, kaya a hannu kuɗi a hannu. Admin-admin dan Allah ku hana haɗa kuɗin oda a guruf sai ga wanda wasu daga cikinku suka san shi ido da ido, suka san gidansu ko shagonsa, kuma ku tura wannan zuwa sauran gurufan anime da kuke ciki har na 'yan Nijar, don an ce ya fara tambayar yadda ake karɓar sefa.